Wa'azi ta Kan Katangar Dawuda

Lahadi, 2 ga Yuli, 2023

Fasto ya kama mu yau. Wa'azin sulhu ya yi: Allah ya riga ya miƙo wa duniya hannu ta wurin Yesu, saura mu kai wa mutane labari kafin lokaci ya ƙure. Amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi. Sai ya raba 'yan takardu, wai kowa ya rubuta sunan mutum ɗaya da zai kai wa bishara a watan nan. Na rubuta "duk kasuwar Zuru". Faston, yaron nan, ya karanta, ya yi murmushi, ya ce, "Baba Saje Philemon, mai farautar da ya nufi daji duka ba ya dawowa ko da zomo." Ya soke, ya rubuta Dawuda.

Dawuda fa! Maƙwabcina, katanga ɗaya ce tsakaninmu, shekara goma sha ɗaya ko sannu ba ta haɗa mu ba. Fasto baƙo ne a garin nan, wani ne ya tsegunta masa. Ina zargin matata Monica. Duk hanyar dawowa gida waƙa take yi a bayan mashin.

Litinin, 3 ga Yuli

Bari in rubuta don kada wata rana a juya zance. Ni ban yi wa Dawuda komai ba. An gan shi a bikin gargajiya na Uhola da ƙoƙon burkutu, yana rawa hannu sama. Ni ne sakataren dattawan ikilisiya a lokacin, ni aka ba takardar horo, na karanta sunansa a gaban jama'a, aka ce ya koma bencin baya wata shida. Doka ce. Watakila na ɗan ɗaga murya, amma ai muryar fareti ce, ba ni da wata. Ya tashi ya fita, bai sake taka coci ba.

Talata, 4 ga Yuli

Na samo dabara. Soja ba ya afka wa sansani kai tsaye, sai ya fara aika wuta daga nesa. Na ari lasifikar hannu ta coci, na sayi batir. Ba inda aka ce dole sai an gaisa kafin a yi wa'azi.

Laraba, 5 ga Yuli

An fara aiki. Na jira maƙwabtanmu Musulmi suka fito daga sallar asuba, na hau turmi, na saita bakin lasifika daidai tagar Dawuda. Minti arba'in a kan mutuwa ba ta sallama. Ban kira suna ba, na dai ce "kai mai ƙoƙo". Shiru. Alamar magana ta shige shi ce.

Monica ta ce in na gama in wanke mata turmi.

Alhamis, 6 ga Yuli

Ruwan sama. Na yi da laima.

Asabar, 8 ga Yuli

Yau na ji motsi a bayan katanga, har da wani irin nishi! Na ce a raina zuciya ta fara karyewa. Na ƙara wuta, na kai awa guda, murya ta dishe. Na ce, "In kana jina, ka amsa!" Sai aka amsa. Bunsuru ne.

Litinin, 10 ga Yuli

Kunya. Ban san ta inda zan fara ba.

Na je sayen batir a shagon Jabiru da ke bakin layi. Ya ba ni, ya riƙe canjina yana sosa ƙeya. Ya ce, "Saje, ni dai na kusa haddace wa'azin nan, har tsohuwata ta ce muryarka ta fi agogo. Amma wai da wa kake?" Na ce mai kunne ya ji. Ya ce ai mai kunnen ba ya nan. Yau kwana goma sha biyu da hawan jini ya buge Dawuda a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Daga asibiti ɗiyarsa ta wuce da shi gidanta a Dirin Daji. Shi Jabirun ne ma ke ba awakin Dawuda dusa.

Kwana shida ina yi wa awaki wa'azi, unguwa duka ta sani.

Na dawo na tayar wa Monica. Ta ce zumuntar mata sun je gaishe shi sau biyu, ita ce ma ta dama kunun. Na ce don me ba ki gaya mini ba? Ta ce, "Ba kai ka kafa doka kada a ambaci sunansa a gidan ga ba? Na bi umurni, Saje." Har da sara mini.

Ban ci tuwo ba. Da ya mutu a gonar nan fa? Ina kan turmi ina ihu, mutum yana can rai a hannun Allah.

Laraba, 12 ga Yuli

An dawo da shi. Ta kafar ƙofa na hango ana sauko da shi daga mota, mutum biyu sun riƙe shi. Dawudan da ke saɓa buhun dawa shi kaɗai. Ya rame ƙwarai.

Na zauna na rubuta wa'azi shafi huɗu. Mai kyau ne, ko Fasto sai ya nema ya kwafa.

Alhamis, 13 ga Yuli

Na sa kaya, na kai bakin ƙofarsa, na tuna ban duba iskar tayar mashin ba. Na dawo.

Jumma'a, 14 ga Yuli

Na shiga. Yana kwance a tabarma, baki ya ɗan karkace, amma idon nan nasa na iskanci yana nan. Na ce ya jiki. Ya dube ni, ya ce, "Mi na yi kuma? Akwai wani benci bayan na baya?" Maganar a daddafe take fita, amma kowace kalma ta iso.

Na buɗe takarda na fara. Ban gama shafin farko ba ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Philemon, ni ba da Allah na ɓata ba. Kai ne ke tsaye bakin ƙofarsa." Ya juya fuska bango. Can sai na ji yana tambayar ɗiyarsa ko an samu wanda zai yi wa dawarsa maimai, wato noma na biyu, ga ciyawa za ta cinye ta. Ta ce a'a, kowa na fama da tasa gonar.

Na fito da shafi ukuna ba a taɓa ba.

Asabar, 15 ga Yuli

Na kai wa Monica ƙara, na ce mutumin nan zuciyarsa dutse ce. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Baban yara, wa ya ƙarasa maka golmo?"

Matar nan ba ta mantuwa. To, gaskiya ne. A al'adar ƙabilarmu ta Lelna saurayi sai ya yi damina bakwai yana noma gonar surukinsa kafin a ba shi mata, shi ne golmo. Na yi biyar a gonar baban Monica, sai aka zo ɗibar soja, na gudu na shiga. Tsoho ya rantse in ba a cika bakwai ba, babu aure. Dawuda ne ya ɗauki garma ya yi biyun da suka rage da sunana, ga nasa golmon yana yi a wani ƙauye. Tafin hannunsa har tsagewa ya yi.

Na ce ai na gode masa, na aiko masa da takalmin soja daga Kaduna. Ta ce, "Ƙafar hagu biyu ka aiko." Shekara arba'in da wani abu, sai yau nake ji. Bai taɓa faɗa mini ba, har wasiƙar godiya ya sa aka rubuto mini.

Lahadi, 16 ga Yuli

An yi jibin Ubangiji a coci, wato cin gurasar tarayya. Da faranti ya iso kaina na miƙa gaba. Na ce wa Monica cikina ne.

Litinin, 17 ga Yuli

Na fita motsa jiki, likita ya daɗe yana cewa in riƙa yi. Hanyar ce ta bi ta gonar Dawuda. Hauya kuma da ma tana ɗaure a mashin. Tirƙashi, ciyawa ta kai gwiwa! Na nome kunya tara. Rabona da duƙawa haka tun kafin in shiga bariki.

Talata, 18 ga Yuli

Bayana. Wayyo bayana. Monica ta shafa mini man zafi tana dariya, wai ashe sai ta tsufa za ta ga ƙarshen golmonta.

Alhamis, 20 ga Yuli

Kunya goma sha huɗu. Jabiru ya rufe shago ya zo da tasa hauyar, ya ce wannan wa'azin ya fi daɗin ji, ba ya tada mutum daga barci. Na ce motsa jiki nake yi. Ya ce ai ya gani.

Asabar, 22 ga Yuli

An gama maimai da hantsi. Na biya in gaya wa ɗiyar, ba shi ba. Ashe yana zaune a ƙofar ɗaki an jingina shi da bango. Ya ce in nuna hannuna. Na nuna, duk ya yi bororo ya farfashe. Ya yi wata dariya ta gefen baki, ya ce ko damina ɗaya ban yi ba na lalace. Ya sa aka kawo mini kujera.

Na zauna. Can ya ce likita ya gaya masa in bugun ya sake dawowa ba lalle ya tashi ba. Ya ce, "Tsoro nake ji, Philemon. Kana ganin za a buɗe mini?" Na laluba aljihu, takardar wa'azi tana cikin ɗaya wandon. Sai kawai na ce masa ƙofar ba ta taɓa rufewa ba, Yesu ya riga ya buɗe ta da jininsa, kuma ba ni ke riƙe da makulli ba. Ban san daga ina wannan ta ƙarshen ta fito ba.

Ya ce to in yi addu'a, amma a hankali, ba fareti muke ba.

Na rufe ido. Ni da kan yi addu'a a coci har mata su fara gyaran murya, yau kaina wayam. Abin da ya fito kawai shi ne, ka gafarta mini. Sau uku, kuma muryar ba ta yi kama da tawa ba, ina jin sanyin gona ne ya kama ni.

Idona a rufe yake, kowa ya san da Ubangiji nake. Amma Dawuda ne ya ɗora hannunsa a kaina, ya ce, "Na yafe, ɗan'uwa."

Ban gyara masa ba.