Maigidana Ya Kewaye Mu Da Addu'a Har Yarana Sun Fara Tsoron Karatu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a sakaya sunana, akwai 'yan unguwarmu a ciki. Don Allah ku ba ni shawara, amma kafin wani ya ce na yi saɓo ya daure ya karanta har ƙarshe, ni a gidan malamai na tashi a cikin garin Yola, ba addu'a nake ƙi ba, Allah Ya tsare ni da ƙin ta.

Ina koyarwa a wata firamare a Jimeta, muna zaune a Bekaji da maigidana da yaranmu biyu, mace ce babba sai ƙaninta. Shi kayan ɗinki yake sayarwa a kasuwa, zare, zif, maɓallai da allurar keken ɗinki. Kakanninsa daga Kano suka zo amma a Mubi aka haife shi, can muka fara zama bayan aure. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi ina Yola wajen Dada, mahaifiyata, na zo wankan haihuwar fari, shi ya sa ban ga komai da idona ba. Shi da Hajiya, mahaifiyarsa, ta cikin daji suka fito a ƙafa, da ya iso gidanmu ƙafafunsa sun kumbura takalmi ba ya shiga. Ƙaninsa da suke shago ɗaya shi bai fito ba, har yau ba gawa ba labari.

Sau ɗaya tak ya taɓa ba ni labarin ranar. Ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa fita bai yi azkar ɗin safe ba sai a ranar, wani kwastoma ya dame shi da kira, yana sallame sallah ya fice, kuma shi da bakinsa ya aiki ƙanin nasa ɗaya gefen garin ya karɓo kaya. Na ce masa ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta ba makawa, sai ya kalle ni ya ce ke ai ba kya nan. Daga ranar ban sake tayar da maganar ba.

Da muka kama haya a Bekaji gidanmu abin sha'awa ne wallahi. Bayan asuba mu zauna mu yi azkar tare, da magariba a shigo da yara a rufe ƙofa da bismillah, lokaci lokaci ya karanta mana Baƙara da muryarsa, kuma yana da murya mai daɗi. Har maƙwabta kan ce in roƙa musu shi ya yi wa yaransu tofi. Abin ya juya ne bara waccan da Hajiya ta rasu. Ta mutu tana jiran ɗanta, ko sallama aka yi da baƙuwar murya sai ta ɗago kai, kuma a ciwon ajalinta ta riƙe hannun maigidana ta ce ya tsare mata jikokinta kada ya bari su ma su ɓata. Tun da aka yi sadakar arba'in mutumin nan ya zama wani daban.

Ya fara da sayo ƙaramar sifika mai memori, ya sa karatun ruƙya a falo. Ban hana ba, Alƙur'ani ne. Sai ya ƙaro ɗaya a ɗakin yara, ɗaya a kicin, ya sayo fawa bank saboda ɗauke wuta, ya kafa doka ba a kashe su ko da minti ɗaya. Kowacce da surar da take karantawa, muryoyi suna hawa kan juna, in kana magana sai ka ɗaga murya. Na taɓa ce masa ai Alƙur'ani in ana karanta shi saurare ake yi, mu ga shi muna wanke-wanke muna faɗan yara a kansa, ya ce ba don mu aka kunna ba, don waɗanda ba ma gani ne. Kullum da safe yara za su tsaya a gabansa su kawo Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, wanda ya yi tuntuɓe a harafi ɗaya a koma farko, mai keken da ke kai su makaranta ya gaji da jira ya daina zuwa. Ni kaina hedimasta ya kira ni ofis a kan latti har na rasa ƙaryar da zan yi.

Daga nan sai abinci. Duk abin da ya shigo daga waje ba a ci, wai ba a san hannun da ya taɓa shi ba. Maƙwabciyarmu da ta ba mu tabarma da tukunya lokacin da muka tare ba mu da ko cokali, ta aiko da abincin suna ya sa aka mayar, yanzu gaisuwa ma da ƙyar take amsa min. Wanda ya fi ci min rai na Dada ne. Ta zo duba mu da kindirmo da 'yan uwanta suka kawo mata daga Namtari, ta ɗauko shi a cinya a cikin keke tun daga Yola, ya karɓa da ladabi ya yi godiya, ya zagaya bayan gida ya tuttular a kwata. Ta taga ta gan shi. Dada ta gama zamanta, da na raka ta bakin titi ta ce min munyal, wato in yi haƙuri, amma tun ranar ba ta sake taka gidana ba.

Duk wannan na shanye shi, na ce mutum ne da ya ga abin da ban gani ba. Abin da ya karya ni 'yata ce. Wani hutu na kai su wajen Dada suka kwana biyu, da za mu dawo ta riƙe min mayafi ta ce, "Mama, gidan Dada ba aljanu ne shi ya sa ba a kunna karatu? Mu namu sun yi yawa ne?" Bayan an koma makaranta zazzaɓi ya kama ta ta ɓoye, tana shan ruwa tana daurewa, sai da ta faɗi a layin asambuli aka kira ni. A asibiti aka ce taifot ne har ya ci jikinta. Da na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa min ba, ta ce ranar da abin ya fara ta yi kuskure a Ayatul Kursiyyu Abba bai ji ba ita kuma ba ta maimaita ba, tana tsoron ya gane ita ta buɗe wa ciwon ƙofa. Yarinyar da a baya da bakinta take bin babanta da karatu tana wasa, yanzu malamin Islamiyya ya ce in aka zo kanta jikinta rawa yake yi.

Na kai kuka wajen Bappana, ƙanin mahaifina, Modibbo ne, wato babban malami, da ake ji da shi a unguwarsu. Ya kira maigidana ya zaunar da shi, bai yi masa faɗa ba. Ya ce azkar sunna ce kuma garkuwa ce, amma ba ciniki ba ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, Annabawa sun fi kowa addu'a kuma sun binne 'ya'yansu, ƙaninsa kwanansa ne ya kai ko yana wani wuri da Allah Ya sani, ba azkar ɗin da aka bari ba ne ya ɗauke shi. Maigidana ya yi kuka a wurin kamar yaro, ya ce ya ji ya gode. Muka dawo ya rage ƙarar sifikun, na fara murna, ba a yi sati ba ya mayar da su yadda suke, ya ce Modibbo malami ne amma shi ma ba ya nan ranar da abin ya faru a Mubi.

To ga inda na rasa tudun dafawa. Wata Asabar da ya tafi kasuwa kaina yana sarawa, na tashi na kashe su duka. Na zauna da yaran muka yi azkar ɗinmu a hankali da bakinmu, sannan na ce su je su yi wasa. Gidan ya yi tsit, har kukan tattabarun maƙwabta na ji, na ji dariyar ɗana daga tsakar gida, na ma manta yadda take. Bayan la'asar yaron ya hau katanga zai ɗauko ƙwallo ya faɗo, hannu ya karye. Yara nawa ne suke faɗowa daga katanga a Jimeta kullum, na sani, amma me ya sa sai ranar?

Babansu ya same mu a asibiti ana ɗaurin hannun. Bai tambaye ni komai ba, 'yar ce ta fashe da kuka ta ce Abba ba ni ba ce, Mama ce ta kashe. Na zaci zai yi faɗa ko ya ce in tafi gidanmu, da ya yi hakan ma da ya fi min sauƙi. Ya daɗe yana kallon yaron, sannan ya juyo a hankali ya ce, "Ni ban samu gawar ɗan'uwana na binne ba. So kike ki ba ni ta wannan?"

Tun ranar ya daina zuwa kasuwa sosai, yakan leƙa ya dawo kafin azahar ya zauna a falo yana gadin sifiku. Ya rame, ba ya cin kirki, ba ya zagina ba ya dukana, hasali ma in na yi tari sai ya taso da ruwan tofi, tausayinsa nake ji kamar in yi ihu. Na lallaɓa na ce mu je ya ga likitan da ke duba masu damuwa, akwai waɗanda suka gudo irinsa da aka taimaka musu, ya ce wato mai karanta Alƙur'ani ne mahaukaci. Yanzu maganar da yake yi in wannan zangon karatu ya ƙare yara sun gama zuwa makaranta, zai koyar da su a gida, kuma yana neman wuri a can ƙarshen Yolde Pate inda ba maƙwabta kusa. Dada ta aiko yayata ta ce in kwaso yaran in kawo mata su kafin a lalata musu zuciya. In na yi haka na san mutumin nan ba zai ɗauka ba, gani zai yi an sake raba shi da nasa, kuma ina tsoron abin da zai same shi shi kaɗai a gidan. In na zauna kuma ina kallon 'yata tana girma da tsoron littafin da ya kamata ya zama sanyin zuciyarta.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, ni ma abin ya fara shiga ta. Shekaranjiya ina tuƙa tuwo na ji sifikar kicin ta yi ƙarar cajinta zai ƙare, ban san lokacin da na yar da muciya na ruga neman caja ba, ina cewa a raina yaran suna hanyar Islamiyya kada ta mutu kafin su shigo. Sai da na jona ta na tsaya na ce innalillahi, ni ce wannan? In ni ma na koma haka wa ya rage wa yaran nan?

Malaman da ke cikin zauren nan, don girman Allah ku faɗa min gaskiya, na yi laifi da na kashe karatun, ko karayar hannun ƙaddara ce da za ta zo ko yana kunne? Waɗanda mazajensu ko iyayensu suka fito daga Mubi ko Michika ko Madagali da irin wannan ciwon a zuci, ta yaya kuka shawo kansu suka yarda aka taimake su ba tare da sun ji an raina imaninsu ba? In kai yaran wajen Dada in zauna da shi ni kaɗai, ko in bi shi Yolde Pate in ci gaba da haƙuri? Zangon ya kusa ƙarewa, ni kuma ko istihara na yi ba na jin komai sai muryoyin sifiku. Ku ba ni shawara, wanda ba shi da ita ya sa mu a addu'a, irin wadda ake yi a hankali.