Shekarar da Aka Rufe Zauren Baba

Laraba, 15 ga Afrilu, 2020

Sati na huɗu ke nan da rufe Islamiyyarmu ta nan Birnin Kudu. Zaman gida ya ishe ni. Sadiqa ta ce in na gaji da kallon bango in zo in taya ta tsince shinkafa. Mutum in ba ya fita, matarsa ma sai ta raina shi.

Nasiha ta kira. Ƙanwata ce, na girme ta da shekara tara, amma tun da ta fara aikin jinya a wani ƙaramin asibiti can wajen Gwaram take yi mini magana kamar ita ce babba. Wai za ta koma gidanmu a Sara ta rufe zauren Baba. Tun da aka fara zancen korona mutane suke tururuwa da robobin ruwa don ya yi musu tofi. Mai tari ya zo, mai zazzaɓi ya zo, kowa ya kama hannunsa da hannu biyu, wasu har ya dafa musu kai ya karanta, fuska da fuska. Shekararsa tamanin da ɗaya, ga ciwon suga. Ta ce in cutar ta shige shi da wuya ya tashi.

Na ce mata zauren nan tun zamanin kakanmu ba a taɓa sa masa sakata da rana ba. Ta ce, "Yaya, ba izini na kira nema ba. Inna ta yarda." Na kashe wayata. Ita ta riga ni kashewa, in za a faɗi gaskiya.

Asabar, 25 ga Afrilu, azumi na biyu

Na je Sara a babur. Nasiha ta aikata kuwa. Ƙofa a rufe, Baba yana ciki a kan buzunsa kusa da taga, robobi a jere a kan dakali, yana karanta musu daga nesa. Na ji wani tsoho yana gunaguni wai tofin da bai sauka a ruwa ba ai ba tofi ba ne. Ni ma haka na gani. Na ce mata ke da kike wuni cikin marasa lafiya fa? Ta ce ita ma ba ta shiga, daga bakin ƙofa take gaishe shi.

Bayan la'asar Malam Hambali ya zo, aminin Baba, tare suka yi karatun allo. Duk farkon azumi sai ya zo sun gaisa. Kwana huɗu da dawowarsa daga wata ta'aziyya a Kano, ta ɓarauniyar hanya. Ya nufi ƙofa ya riga ya miƙo hannu, Nasiha ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, amma ba ta matsa daga hanya ba. Ta roƙe shi su gaisa ta taga. Tsohon ya dubi hannunsa, ya mayar da shi cikin riga, ya juya. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Na bi shi har gida na ba shi haƙuri. Na riƙe hannunsa na daɗe, muka zauna tabarma ɗaya. Yana ɗan tari, ya ce ruwan sanyin sahur ne.

Da magariba na zaga ta ƙofar baya, wajen turken awaki, lokacin Nasiha da Inna suna wajen murhu. Ni na ɓare wa Baba dabino na sa masa a hannu, kofi ɗaya muka sha kunu. Ya ce, "Ba ta gan ka ba ko?" Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Raina ya yi fari.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Kano a kulle take fiye da sati, amma rediyo kullum adadi ƙaruwa yake. To kullen na me?

Talata, 5 ga Mayu

Malam Hambali ya rasu da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana shida yana numfashi da ƙyar, an ce ko ƙanshin abinci ba ya ji. Ba a yi masa gwaji ba, ba wanda zai iya cewa ita ce.

Na zauna na ƙirga. Kwana goma. Hannun nan dai, dabinon nan dai.

Laraba, 6 ga Mayu

Na gaya wa Nasiha a waya cewa na shiga wajen Baba ran nan. Na shirya jin faɗa, na ma tanadi amsa. Sai ta tambaye ni ko ina tari, ko jikina da zafi. Na ce a'a. Ta ce in ware kofina da tabarmata daga na Sadiqa da yara, kada in zo Sara. Shi ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 8 ga Mayu

Baba yana zazzaɓi. Ya sha azumi, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ya Allah, kada ya zama ta hannuna.

Litinin, 11 ga Mayu

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Zazzaɓin cizon sauro ne. Nasiha ta ɗebi jininsa a yatsa tun ranar Juma'a, gwajin ya nuna, ta ɗora shi a kan magani. Ta ce duk da haka ba ta saki jiki ba sai yau da zafin ya sauka, numfashi kuma ƙalau. Ya sha koko kofi biyu, ya yi faɗa wai an cika masa tsami. Na ji muryarsa a waya yana faɗan, na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba. Sadiqa ta leƙo ta koma, Allah ya yi mata albarka.

Yau na ci abincin buɗa-baki kamar wanda ya dawo daga noma. Ashe kwana shida ba na jin ɗanɗanon komai, na tsoro ne, ba na cuta ba.

Lahadi, 24 ga Mayu, ranar Sallah

Ni lafiya, Sadiqa lafiya, yara lafiya. Na je Sara, na gaishe da Baba ta taga, ba don an tilasta ni ba, don kada a ɓata ranar Sallah da rigima. Ya rame kaɗan amma idonsa garau. Sai kallonsa nake yi kamar an ba ni shi sabo.

Da muka zauna cin tuwo a tsakar gida, ni can Nasiha can, bakina ya ƙi shiru. Na ce to ga shi na shiga, mun ci mun sha tare, ba abin da ya faru. Ina amfanin rufe ƙofa? Ta ce mutum ɗaya ya shiga sau ɗaya Allah ya tsare, da mutum hamsin ne kullum fa? Na kawo mata zancen Kano, an kulle gari amma adadi ya hau. Ta ce wanda aka ƙirga yau tun sati biyu da suka wuce ya ɗauka, kamar gero ne, ranar da ka ga tsiro ba ranar aka shuka ba. Kuma da aka ƙara wuraren gwaji dole a ƙara ganin masu ita. Na ce wato in adadi ya hau kuna da gaskiya, in ya sauka ma kuna da gaskiya. Ta yi dariya har ta ƙware. Inna ta ce mu rufa mata asiri mu ci abinci.

Rabon da mu yi gardama mai daɗi irin wannan tun tana 'yar sakandare.

Alhamis, 16 ga Yuli

Kasuwanni sun koma ci tuntuni, mutane kafaɗa da kafaɗa, takunkumi a haɓa ko a aljihu. Gawarwakin da aka ce za a yi ta kwasa ban gan su ba, Allah mun gode. Na kira Nasiha musamman don in gaya mata. Na zaci za ta kawo wani dogon bayani. Ta ce ita ma ba ta san dalili duka ba. Ko don yawancinmu yara ne, ko don a waje muke wuni, ko kuma da yawa sun yi sun warke ba a sani ba. Ta ce rufe makarantu ma tana shakkar ko ya kai wahalar da ya jawo, yaran unguwarsu sun manta karatu. Amma na tsofaffi ba ta da shakka ko kaɗan, ta ƙirga mini dattawa huɗu da ta sani da suka tafi cikin wata guda.

Na ci rabin gardama ke nan. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

An buɗe zauren da sharaɗi: mutum biyu-biyu, buta da sabulu a bakin ƙofa, mai tari ya aiko da robarsa. Baba ya ce tun da yake bai taɓa ganin almajiransa da tsabtar hannu irin ta bana ba.

Asabar, 10 ga Oktoba

Ɗan Malam Hambali, Nuru, ya kawo wa Baba sabon gero. Ya tsaya ya gaishe da Nasiha da kyau. Na ga ta juya tana goge ido da gefen hijabi. Ashe abin yana cinta duk watannin nan, ni ina ganin ko a jikinta.

Asabar, 16 ga Janairu, 2021

Rediyo na cewa cutar ta sake tasowa. Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, yawancin dokokin nan wahalar da talaka ne kawai. Na faɗa a majalisa jiya, zan kuma faɗa gobe.

Baba ya kira da safe. An yi rasuwa a Wurno, wani tsohon ɗalibinsa, tari da sarƙewar numfashi, matarsa ma tana kwance. Yana so in zo in kai shi zaman makoki, tunda Nasiha tana wajen aiki ba mai hana shi. Na san ɗakin da za a zaunar da shi. Na san layin da za a yi, kowa da hannu biyu.

Na ce masa babur ya lalace. Na ce zan je a madadinsa in isar da ta'aziyya.

Ya ce, "Ikrima, me ya same shi?"

Na ce wani abu ne a cikin inji.

Ya ce, "To. Allah ya ba babur lafiya."

Na je Wurno, na yi addu'a daga bakin rumfa, na dawo. A kan babur ɗin na je, shura ɗaya ya tashi. Shekarata arba'in da uku ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba sai yau, Allah ya yafe mini. Da yamma Inna ta ce ya wuni a zaure yana karatu, ya ci tuwonsa tas.

Ba zan gaya wa Nasiha ba.