Abin da Ke Ƙarƙashin Kwalta

Bagwai, ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Abdulrashid, a Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Sakinatu da yara. Mu nan sai godiya. Idon maigidana Malam da sauƙi, amma likita ya hana shi shiga rana, don haka duk sha'anin a-kori-kurar da ka sayo mana shekara uku da suka wuce ya dawo kaina. 'Yata Ramlat za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka, ka san ni magana a waya ba ta zauna mini.

Sabiru direba ya ce ƙasan motar ya fara tsatsa. Ban yi mamaki ba. Motar da ke kwasar takin turke da buhunan takin zamani tun daga bazara, ga laka in ruwa ya sauka, ai ƙarfe ma yana da haƙƙi. Ina so a shafe ƙasan kafin damina, amma baki ya rabu uku. Sabiru ya ce a watsa baƙin mai a huta. Wasu sun ce a kai ta Kano a fesa kwalta. Hashimu mai walda na Dawakin Tofa kuwa ya ce sai an kankare tsohuwar kwaltar da ta zo da ita tukuna, a ga ƙarfen, sannan a yi maganar shafi.

Kai ne mai sana'ar mota. Wanne za mu ɗauka? Da ita muke ci, ba na son in yi garaje.

Yayarka, Aina'u.

Legas, ranar Alhamis

Yaya Aina'u,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda, rubutun nan naki har yanzu kamar na allo! A gaida Malam, Allah ya ƙara sauƙi.

Ashe yanzu ke ce shugabar direbobin Bagwai ban sani ba? To ranki ya daɗe, ga shawara. Baƙin mai ki manta da shi, yana cin robobi, kuma zai ɗiɗɗiga miki a tsakar gida. Kwalta za a fesa. Yini ɗaya an gama, ƙasan ya fito baƙi wuluk kamar sabuwa. Zan yi wa wani yarona a Kano magana, Sabiru ya kai ta kawai.

Maganar kankarewa kuwa, Yaya, kada ki yarda. Masu walda haka suke, in ba su huda abu ba ba sa cin abinci. Tsohuwar kwaltar nan mai kyau ce, kada kowa ya taɓa ta. Don Allah kada a taɓa.

Naki, Abdulrashid.

Bagwai, ranar Laraba

Zuwa ga Abdulrashid.

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Na gode da saurin amsa, kuma maganar baƙin mai na karɓa, don awakina a ƙarƙashin motar suke kwanciya da rana.

Amma sauran shawarar ban bi ba, ka yi haƙuri. Shekara ashirin da wani abu ina suyar ƙuli a kaskon ƙarfe. In ya yi tsatsa ba na zuba mai a kai. Sai na dirje shi da yashi da toka, na shanya ya bushe ƙayau, sannan in shafa. Abin da ka rufe da danshinsa a ciki, ci yake yi kana barci. Ban ga dalilin da ƙarfen mota zai bambanta da na kasko ba.

Na sa Sabiru ya kai ta wurin Hashimu ranar Asabar, ni ma na bi su. Hashimu ya yi ta dariya, wai bai taɓa ganin Hajiya ta leƙa ramin gareji ba. Na ce masa ni ba Hajiya ba ce tukuna, ya haska mini fitila kawai.

Da ya sa ƙarfe ya ɓamɓare kwaltar wajen tayar baya ta hagu, sai dariyar ta tsaya. Babban ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, wanda suke kira shasi, ya rube har hannun mutum yana shiga. An cusa ragar waya a ramin, an liƙe, an bi da kwalta. Hashimu ya ce wannan ba aikin takinmu ba ne, da shi ta zo.

Abdulrashid, ranar kasuwar Rimin Gado mutum goma sha biyu Sabiru yake ɗorawa a kan kaya, yawanci mata, wasu da goyo. Daidai kan wurin nan suke zama.

Ba na zato, zato zunubi ne. Shi ya sa nake tambaya kai tsaye. Sau biyu ka rubuta kada a taɓa. Ka sani ne?

Yayarka, Aina'u.

Legas, ranar Lahadi

Yaya,

Salamu alaikum. Kwana huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Na sani. Ni na sa aka liƙe. Motoci biyu na ɗauko a lokacin, taku da wadda na sayar wa Madu mai hatsi na bakin tasharku. Daga ƙasashen ƙanƙara suka fito, inda ake zuba gishiri a titi, duk biyun gishiri ya ci ƙasansu. Sai bayan na biya na gani. Na riga na yi wa Malam alkawari, gari duk ya ji ƙanen Aina'u zai kawo mota, na ji kunyar in zo hannu rabbana. Na ce wa raina zan gyara daga baya, bayan kuwa bai zo ba.

Wallahi ban san ana ɗora mata a kai ba. Ko dai na sani, ban so in tuna ba.

Ki ce wa Hashimu ya yanke ya sa sabon ƙarfe, aikin a wuyana. Abu ɗaya nake roƙo, kada Malam ya ji. Ki yafe mini.

Ƙanenki, Abdulrashid.

Bagwai, ranar Litinin, bayan kwana takwas

Zuwa ga Abdulrashid.

Wa alaikumus salam. Na yafe, Malam ma ya yafe. Ban iya ɓoye masa ba, motarsa ce. Cewa ya yi kawai Allah ya tsare.

An gama aiki. Hashimu ya sa sabon ƙarfe, ya kankare ƙasan tas, ya bi da jan fenti, sannan ya fesa mai mai kauri wanda ba ya bushewa, ana hango ƙarfe ta cikinsa. Duk shekara kafin ruwa za a sake.

Saura ta Madu. Ɗansa Kamaruddeen ne ke jan ta, jiya na ga ta wuce da masara da mutane a sama. Ranar Juma'a zan aika Hashimu ya duba masa ita. Gara Madu ya ji daga bakinka kafin nan. Ramlat ta rubuta maka lambarsa a ƙasan takarda.

Ka gaida Sakinatu. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka, Aina'u.