Irin Gautar Kaka Isnino

Lewiston, 2 ga Afrilu

Kaka Isnino, gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar? Tun da aka kai ki jinya gidan Gwaggo Batulo, lambun nan ya huta da faɗa. Ƙanƙara ta narke, na kwashe karan bara, na ɗaure shinge. Irin gautarki kuwa na shuka rabi a kofuna, cikin ƙasar buhun nan da ake kira pit, na jera a taga. Ga hoto, sun tsiro shar. Na gaje ki tun kina raye.

Angonki, Muya

Columbus, 9 ga Afrilu

Muya, ina amsawa. Batulo ke rubuta min. Ja'iri, ƙafata ce ta karye, ba idona ba. Na'ana'a ka tsinko ka soka. Kuma na ga ƙasar ja-ja, a bushe. Daga buhu ka juye ka kwara ruwan sanyi, ko ƙarya nake? Busasshen pit ba ya shan ruwa, ta gefe yake zurarewa. Irin nan a bakin zane na ƙullo shi daga sansanin gudun hijira na Kakuma, shekara ashirin ina sabunta shi, babu shi a kanti. Juye pit a baho, zuba ruwan ɗumi, cuɗa kamar ƙullu, bar shi ya jiƙa. Ka damƙa: in ya dunƙule ya ɗigo ɗigo ɗaya, shuka. Allah ya shirye ka.

Kakarka

Lewiston, 24 ga Afrilu

Kaka, barka da sauƙi. Wallahi wasiƙarki sai da ta sa na waiwaya, na zaci kina bayana. Rabin farko duk ya mutu, tsoro ne ya sa ni soka na'ana'a. Ƙwaya goma sha ɗaya suka rage. Na cuɗa har hannuna ya yi baƙi, na yi bisimilla kan kowace. Yau bakwai sun leƙo, da ganye bibbiyu. Mace daga kan gado, a wata jiha, ta gano ƙishin ƙasa a hoto! Na sara miki. In turo hoto?

Almajirinki, Muya

Columbus, 1 ga Mayu

Muya, na gode Allah. Riƙe hotonka. Likita ya ce in fara takawa. Kada ka fitar da su waje sai na zo, da hannuna zan dasa. Kai ka riƙe min sanda.

Kakarka, Isnino