Ranar da Muka Binne Kulob Ɗinku

Ƙanena Plinio,

Gaisuwa mai yawa daga yayanka Radhames, da fatan kana lafiya kai da Nurys da yara, Allah ya sa sanyin New York bai karya ku ba. Mu nan kalau muke. An fara yankan rake, aikin kafinta kuma yana tafiya. Baba yana cin abinci sosai, sai dai mantuwar nan tasa kullum ƙaruwa take.

Na san labarin Lahadi ya iso maka, amma dole ka ji daga bakina. Wasan besbol biyu aka yi, kulob ɗinmu masu shuɗin riga a babban birni, naku masu rawaya a Santiago. Namu ba sai na cika baki ba, yaron nan bahago mai jefa mana ƙwallo ya hana kowa taɓa ta da sanda. Naku kuwa, ko maƙiyi sai ya tausaya. Kuna gaba da ci biyu har zagayen ƙarshe, sai kocinku ya cire mai jifan da ke aiki, ya sako wani tsoho mai ciwon kafaɗa. Duka ɗaya aka yi wa ƙwallon da ya jefa, ta haye katanga, aka ci ku uku a take. Chepe mai shago ya kashe rediyo, ya ce ko kakarsa aka ba ƙwallon da ta fi haka. An fitar da ku ke nan bana.

Ka san al'ada, kulob ɗin da aka fitar sai an yi masa jana'iza. Na haɗa akwatin gawa da ragowar katako, muka lulluɓe shi da tsohuwar rigarka rawaya, muka ɗora hularka, aka taho da ganguna da kukan ƙarya har ƙofar gida, kamar lokacin da kake leƙowa ta taga kana zaginmu. Niyyata a ɗauki hoto in aiko maka ka ƙule. Ashe Baba yana zaune a baranda.

Ya ga rigar, ya ga hular, ya miƙe ba sanda. Bai yi ihu ba. Tambayata kawai ya yi, me ya sa ba wanda ya gaya masa an kawo Plinio. Ganguna suka yi tsit. Na buɗe akwatin na nuna masa ba kowa, Chepe yana ta rantsuwa wasa ne, kulob aka binne. Baba ya shafa cikin akwatin, ya ce to in ba ka ciki, kana ina? Dalilin da na kira ka a waya ran nan na haɗa ku ke nan. Da kuka gama magana ya ce murya dai ai rediyo ma yana da ita. Tun ranar baƙar rigar makoki yake sawa.

Plinio, shekara nawa kana cewa sai kun ɗauki kofi za ka zo ka yi mana dariya? Da wannan kocin, sai dai jikokinka su gani. Gani ya kori ji. Baba ba zai yarda ba sai ya shafa fuskarka, kuma ban san har yaushe zai ci gaba da gane ta ba. Ni ma kewarka nake yi ƙwarai, nasarar ma ba daɗi in ba wanda zan tsokana. Ka bar jiran kofi, ka taho.

Ka gaishe da Nurys da Yahaira da auta. Gwaggo Casilda tana gaishe ka, Chepe ma. Na tambayi Baba saƙonsa, ya ce mamaci ba a aika masa gaisuwa, addu'a ake yi masa.

Yayanka,
Radhames