Baba Ya Koma Tuƙi, Ba Zai Hau Motar Jumma'a Ba

Mile 2 Diobu,
Fatakwal.

Zuwa ga Baffana, Alhaji Yunus,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa irin ta 'ya ga ubanta. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen Gombe, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Ƙaninka, Baba Bubayero, yana samun sauƙi. Inda aka yanke masa ƙafa ya warke sarai, sugan ma ya sauka.

Baffa, saƙonka ya iso, cewa za ka aiko mota ranar Jumma'a a dawo da Baba gida, saboda Goggo Zuliha ta koma ta ba ku labari wai ta tarar da shi yana wasan yara a kwamfuta, wai hankalinsa ya fara taɓuwa, ni kuma na mai da dattijo abin dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Goggo kwana biyu ta yi mana, rabinsu a kasuwa. Ni ce na ga watannin da Baba ya yi fuskarsa na kallon bango, ba ya cin abinci sai an yi da gaske, abokansa na mayanka su zo gaisuwa ya yi kamar yana barci. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙo tirelar shanu daga Arewa zuwa garin nan, rana ɗaya aka ce masa shi da sitiyari har abada.

Ɗanka Abdulmuhaimin, ƙanena da ke karatu a Enugu, shi ya nuna masa wasan tuƙin tirela a kwamfutarsa da ya zo hutu. Wallahi ranar na fara jin muryar Baba da ƙarfi, yana yi masa faɗa wai ya shiga kwana ba sigina. Da yaron ya tafi da abarsa, gidan ya koma shiru, sai na ƙudura zan nemo laftof ko ta halin ƙaƙa. Sabuwa ta fi ƙarfina, sai ta hannu. Abdulmuhaimin ya ja mini kunne ta waya, ya ce kada kyan jiki ya ruɗe ni, in nemi wadda ke ɗaukar hoton wasan ba ta maƙalewa, mai batirin da zai ɗan riƙe in an ɗauke wuta, kuma kada in biya sai an kunna wasan a gabana.

Da Baba ya ji, sai ya ce ba a saya wa direba mota yana gida. Ya sa aka ɗauko masa riga da hula, ya ɗau sandunansa, muka shiga keke. Fitarsa ta farko ke nan tun daga asibiti. A shagon sayar da kwamfutoci na ƙyasa wata siririya mai sheƙi, ya gwada ta ya ture, ya ce yana murɗa sitiyari tana tsayawa tunani. Wata kuma ya taɓa cikinta ya ce za ta tafasa kafin a kai Lokoja. Ƙarshe ya zaɓi wata baƙa mai nauyi kamar dutsen niƙa, gefenta a fashe, fankarta na gurnani. Mai shagon, wani Inyamuri mai raha, ya yi ta kiransa Oga Direba, ya haɗa mana da ɗan sitiyari mai birki a hannu. Yanzu Baba kan yi wanka da sassafe, ya karya, ya hau aiki, kuma ya koma zuwa masallaci da sandunansa.

Na san kai ne babba, ban taɓa tsallake maganarka ba, amma wannan karon ba zan haɗa masa kaya ba. Duk wanda ya ga abin kunya ne, ya zo ya zauna da shi mako guda a kashe kwamfutar, ya gani da idonsa. Na faɗa masa saƙonka jiya da hantsi yana tsakiyar tafiya a kwamfutar. Sai da ya sa sigina, ya gangara gefen titi, ya kashe inji. Sannan ya juyo ya ce in gaya wa Yayansa ƙafa aka yanke masa, ba kai ba, kuma shi ba buhun albasa ba ne da za a aiko mota ta kwasa. Ya ce zai zo Gombe da yardar Allah, amma shi zai sa ranar. Don haka Baffa, ka yi haƙuri, kada direbanka ya ƙona mai a banza.

A gaida Inna Hadijatu da Ramlatu da yara duka. A gaida Goggo Zuliha ma, a ce mata ƙofarmu a buɗe take. Allah ya bar zumunci, ya sa ka fahimce ni.

'Yarka mai ganin girmanka,
Kamila Bubayero