Wunin Da Na Yi Ban San Ko Ɗiyata Na Da Rai Ba

Zuwa ga Likita mai kula da asibitin da na haihu a cikinsa, a nan Illela.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka barka da aiki, kai da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya ɗawainiya da jama'a? Allah Ya taimaka, Ya ba da lada.

Ranka ya daɗe, sunana Balkisu. 'Yar Konni ce ni, aure ya ƙetaro da ni Illela, maigidana yana fataucin albasa. Ba zan ambaci sunan asibitinka ba, ba kuma zan kama sunan kowace ma'aikaciya ba, don ba tozarci ya kawo ni ba. Na jira sai da na gama wankan jego, zuciyata ta huce, sannan na ɗauki alƙalami. Na kuma zaɓi in yi maganar a bainar jama'a saboda na san mata da yawa sun ga irin abin da na gani, kunya ta hana su faɗi.

Wannan ce haihuwata ta fari. Bisa al'ada gida ya kamata in koma goyon ciki, amma tunda a wurinku na yi awo tun cikin yana ƙarami, na roƙi maigidana da iyayena su bar ni in haihu a hannun waɗanda suka san cikin. Suka yarda. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta baro gidanta ta zo ta tare a wurina da wata ya kama. Naƙuda ta taso mini bayan asuba, ranar kasuwa, cikin bazara. Da hantsi maƙwabcinmu ya kawo mu a motarsa, muna kutsawa tsakanin shanu da babura. Ga abin da ya biyo baya.

Na farko. A bakin ɗakin haihuwa aka tsayar da Inna, aka ce doka ta hana kowa shiga. Ta ce ita fa ba za ta taɓa komai ba, hannuna kawai za ta riƙe. Aka karɓi jakar kayan daga hannunta aka tura ƙofa. Na shiga ni kaɗai, ban taɓa ganin yadda ake haihuwa ba, ban san me zai zo bayan me ba.

A nan akwai abin da nake so ka sani game da mu, ko da yake ɗan ƙasa ne kai. Tun muna 'yan mata ake gaya mana cewa mace ba ta raki a naƙudar fari. Wadda ta yi kuka, har ta tsufa ana yi mata gori. Don haka na cije bakin zanena na yi shiru. Nas biyu ne a ɗakin, gadaje kuwa a cike. Wadda ta yi ihu a wurinta ake taruwa, a yi mata faɗa, amma dai a duba ta. Ni da na yi shiru sai aka ɗauka da sauran lokaci. Faya ta fashe, na ji kunyar in ɗaga murya, na yi ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Da babbar nas ɗin ta iso ta duba ni, sai ta daka mini tsawa, wai me ya sa ban yi magana ba ga kai ya sauko. Ranka ya daɗe, a gida an ce kada in yi magana, a asibiti ba wanda ya ce in yi. Da a ranakun awo an gaya mana ƙarara cewa a ɗakin nan ba a kunya, in kin ji kaza ki kira mu, da na kira.

Na biyu. An yi mini ƙari ba tare da an gaya mini ba. Na dai ga almakashi, na ji abin da na ji. Daga baya na fahimci larura ce ta sa, kuma ban yi jayayya da hakan ba, ku kuka san aikinku. Amma jikina ne. Kalma huɗu ta isa: za mu ƙara ki. Ko a wajen ɗinkin, ba wadda ta ce mini ga abin da ake yi, ga lokacin da za a gama. Hira suke yi a kaina game da wani biki.

Na uku, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Wajen azahar na haihu. Na ji fitar abin da ke cikina, na kasa kunne in ji kuka, ban ji ba. Na ɗaga kai na hango babbar nas ta juya mini baya tana murza wani abu a cikin tawul, sai kawai ta sure shi ta fita da gudu. Ban ga fuska ba. Ban san mace ba ce ko namiji. Wadda ta rage ta fitar da mabiyiya, ta yi ɗinki, ta sa aka mayar da ni ɗakin hutu, ta koma kan wata.

Ka san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta nuna ɗoki a kansa, ba ta kama sunansa, ba ta tambayarsa a gaban manya. Na kwanta a cikin mata da suka haife ni, kowacce da jaririnta a gefe, ni gefena zane ne a ninke. Bakina ya yi nauyi. Na ce a raina, in alheri ne ai za a zo a gaya mini, tunda ba a zo ba, ana neman yadda za a faɗa ne. Duk wadda ta wuce da farin kaya sai in bi ta da ido, ita kuwa ta wuce abinta. Da na kasa daurewa na tambayi wata a hankali, ta ce ba ita ta karɓi haihuwata ba, in jira.

Ana cikin haka na ji salati ya tashi a waje, mata suna inna lillahi. Gadona yana jikin taga. Na leƙa, na ga wani mutum ya fito rungume da ɗan ƙunshi a cikin atamfa, maza biyu suna bin sa. Ban ga fuskarsa ba, tsayinsa kuwa kamar na maigidana. Likita, a wannan lokacin na yi wa abin da na haifa ta'aziyya ni kaɗai. Na juya fuskata bango, na ce Allah Kai Ka ba ni, Kai Ka karɓa. Na tuna 'yan rigunan da na ɗinka da hannuna, na fara tunanin wa zan ba. Nono ya fara tsattsafowa ya jiƙa mini riga. Ban yi kuka da sauti ba, ko a nan ɗin kunya ba ta sake ni ba.

Sai daga baya na ji yadda aka yi a waje. Maigidana an aike shi neman wani magani a cikin gari tun kafin in haihu, da ya dawo aka karɓa aka ce ya jira a bakin ƙofar shiga. Inna tana zaune a baranda tun hantsi, ko ruwa ba ta sha ba, ba wanda ya gaya mata ko na sauka. Da ta ga mutumin nan da ƙunshi, ta tashi ta sha gabansa. Tsohuwa mai kamun kai, wadda ba ta taɓa tare namiji a hanya ba, ta ce masa, "Malam, don Allah, na wa ne?"

Ya dube ta ya ce, "Nawa ne, Hajiya."

Inna ta ce mini ta yi masa ta'aziyya da baki, amma a cikin zuciyarta sanyi ta ji, kuma har yau in ta tuna da wannan sanyin sai ta yi istigfari. Ta ce, "Ɗiyata, mi ya kai ni tambayar bawan Allah wanga, shina ɗauke da gawar ɗansa?" Na ce mata ba laifinta ba ne. Da an fito an yi mata magana, da mutumin nan ya wuce da baƙin cikinsa ba wanda ya tare shi. Kuma ko da ta san ba nawa ba ne, ba ta da hanyar sanar da ni. Bango ɗaya ne tsakaninmu.

Bayan la'asar aka canja ma'aikata. Wata nas da ta shigo aikin yamma ta zo tana duba mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso kaina ta ce in tashi in gwada zama, za a kawo mini jaririya ta sha nono, numfashinta ya daidaita. Na dube ta ban gane ba. Na ce wace jaririya? Ta tsaya da abin awon jini a hannu, ta ce, "Au, ba a gaya miki ba?"

Wannan tambaya ita ce ƙarata gaba ɗaya, ranka ya daɗe. Ba a gaya mini ba. Ashe cibiya ce ta naɗe wa yarinyar wuya, ta fito ba ta numfashi. Babbar nas ɗin nan da ta daka mini tsawa, ita ta ruga da ita ɗakin jarirai, ta tsaya a kanta har ta yi kuka, aka sa mata iska. Daga nan aka kira ta kan wata mai zubar da jini, lokacin tashinta ya yi, ta tafi gida tana zaton an sanar da ni. Ta biyu ta zaci ta farko ta faɗa. Tun kafin a idar da sallar azahar ɗiyata take da rai, ni kuwa ina ɗaki na uku daga inda take ina yi mata addu'ar mamaci.

Na yi ta juya wannan abu a raina duk tsawon jegona. Ba zan iya ƙin matar nan ba. Bayan ikon Allah, hannunta ne ya dawo mini da ɗiyata. Na ga yadda take zirga-zirga tsakanin gadaje, gumi ya jiƙa mata hijabi, ko zama ban ga ta yi ba. Na yarda aikin ya fi ƙarfin mutum biyu. Amma na lura da wani abu: a asibitinka kowane aiki yana da mai shi. Akwai mai ba da kati, akwai mai allura, akwai mai shara, akwai mai tsaron ƙofa. Gaya wa uwa halin da ɗanta yake ciki ne kawai ba shi da mai shi, shi ya sa ya faɗi a tsakani. Wannan kuwa ba laifin nas ba ne, tsari ne, tsari kuma a hannunka yake.

Don haka ina roƙon waɗannan abubuwa, kuma ba wanda zai ci wa asibiti wani abin kirki a cikinsu.

A bar mai haihuwar fari ta shiga da mace ɗaya daga danginta. In ɗakin ya yi ƙanƙanta, a sa labule tsakanin gadaje, ko a bar ta a ɗakin hutu inda za a dawo da mai jego.

Duk lokacin da aka raba jariri da uwarsa, a ɗora wa mutum ɗaya nauyin zuwa ya gaya mata dalili, da inda aka kai shi, ya kuma leƙa baranda ya gaya wa danginta. Ko labarin ba daɗi, a faɗa. Kada ma'aikaciya ta tashi aiki sai ta tabbatar an yi hakan.

Kafin a yanka ko a ɗinka jikin mace, a yi mata magana.

A ranakun awo, bayan zancen abinci da gidan sauro, a ware masu cikin fari a gaya musu yadda naƙuda take tafiya daki-daki, a ce musu su yi magana. In daga bakinku ya fito, za su ji.

Sannan ka nema wa ma'aikatan ɗakin haihuwa ƙarin hannu a wurin waɗanda ke sama da kai, musamman ranar kasuwa da mutanen ƙauyuka ke shigowa.

Akwai dalilin da ya sa nake gaggawa. Ƙanwar maigidana, Sa'adatu, tana aure a Amarawa, cikinta na fari ya tsufa. Ranar suna tana zaune a ɗakina Inna ta ba mata labarin nan. Da aka watse ta ce mini ita kam a ɗakinta za ta haihu, ko ba komai tana ganin uwarta, kuma abin da ta haifa ba zai bar idonta ba. Tsofaffin gidansu sun goya mata baya. Na ɗauko yarinyar na ɗora mata a cinya, na ce ta dube ta da kyau, da a ɗaki na haife ta da yanzu ba ta. Mun daɗe muna ja. A ƙarshe ta yarda za ta zo wurinku, bisa sharaɗi ɗaya: in kasance tare da ita har ta sauka. Na yi mata alkawari, alhali na san dokar ƙofarku. Watan gobe ne watanta. Zan zo da ita, da goyona a baya, in tsaya a bakin ɗakin haihuwa. Ina roƙon kafin ranar ka yi magana da masu riƙe da ƙofar, kada in zama maƙaryaciya a wurin yarinyar da ta amince da ni.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa albarka a hannuwanku. Allah Ya saka wa nas ɗin da ta tsaya a kan ɗiyata da alheri, in wannan wasiƙa ta isa gare ta, ta sani na yafe tsawar, ina kuma yi mata addu'a. Mutumin da ya fita da ɗansa a atamfa, Allah Ya ba shi haƙuri shi da matarsa, Ya mayar musu da mai albarka. Allah Ya sauki duk masu ciki lafiya.

Wassalam.

Balkisu,
Illela.